Na Je Ikko Ɗauko Uwani

Tun da na dawo ban huta ba. Wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce, "Inna Talatu, yaya Ikko?" Wadda ta zo aron turmi ita ma Ikko. Har mai tallan manja da ba mu taɓa wuce ina kwana ba ta tsaya tana tambayata ko na ga teku. Ban ga teku ba, ba kuma ganin teku ya kai ni ba. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na kira Malama Saude matar maƙwabcinmu, na ce ta zo da biro da takarda in faɗa sau ɗaya ta rubuta, duk mai son ji a karanta masa. Ni ko alif ban sani ba. In kun ga kuskure nata ne, in kun ga kuka nawa ne.

Uwani ce ta kai ni, jikata. Sunan mahaifiyar maigidana Malam gare ta, shi ya sa ba na kama sunan. Tun tana rarrafe uwarta ta rasu, ni da Malam muka riƙe ta a nan Maigatari. Da ta gama sakandare, Alhaji Sabo ɗan ƙanen Malam, mai fataucin shanu da ke zaune a Agege, ya ɗauke ta ya sa ta jami'a a can. Aka ce tana karatun hoton asibiti, irin wanda ake ganin ƙashin mutum. Na ce ba laifi, mai hoto ai ba ya kashe kowa.

Sai ciwo ya kama Malam a wuya, aka ce daji ne. Ku da kuka san shi kun san dillalin raƙuma ne a kasuwar Alhamis, mutumin da ko fura ba ya iya sha shi kaɗai, sai ya leƙa waje ya kira wani. Aka tura mu babban asibiti a birni, aka ce za a yi masa gashi da inji, wani haske da ido ba ya gani. Suka jiƙa wata raga a ruwan ɗumi, suka shafa masa a fuska har ta sandare da kamanninsa. Kullum sai a kwantar da shi, a kifa masa ragar, a ɗaure ta da gado. Sannan kowa ya fito, har masu aikin, a turo ƙofa mai kaurin katanga. Na roƙe su in zauna ko a bakin gadon ne, suka ce ba a yi. A garinmu ko akuya ce ba lafiya ana leƙa ta. Su kuwa maganinsu shi ne a ɗaure mutum a gudu a bar shi.

Bai yi rabin kwanakin da aka yanka masa ba, ran nan ya fito ya ce, "Talatu, na ɗanɗana kabari. Ba zan koma ba sai na gaske." Ba irin lallashin da ba a yi ba. Muka dawo gida. Bai ga damina ba.

Malama Saude, dakata in share fuska.

Ina fita takaba Uwani ta bugo waya, wai cikin karatun nasu akwai ɓangarori, ita ta zaɓi na gashi. Gashin nan dai da ya kori kakanta. Hajiya Ladi ta bayan masallaci ta ƙara min da cewa hasken nan yana cinye mahaifar mace, duk mai aikinsa ba ta haihuwa. Ni kuwa Uwani kaɗai ta rage min a duniya. Gida ya yi min faɗi, har na kama kaina ina yi wa kaji hira. Na sayi jakar Gana-mas-go babba, na ninke ta ba komai a ciki, don a zubo kayan Uwani. Na yi rantsuwa a gaban matan unguwa ba zan dawo ba sai da ita.

Daga nan zuwa Kano ba labari. A Kano aka sa ni a doguwar bas, kusa da wata mutuniyar Jos, Maman Dauda, mai kai dankali kudu. Hausarta a karkace take, namiji ta ce "ta zo", amma tana da kirki, ita ta bar min gefen taga. Ba mu kai Zariya ba wani mai kwat ya miƙe a tsakiyar mota da jaka, ya fara tallan magani. Ƙwaya ɗaya tal, wai tana maganin basir, da shawara, da ciwon baya, da mantuwa, da rashin haihuwa. Na ƙyale shi. Sai ya ce har daji.

Na ce, "Kai, ɗan nan, har daji?"

"Har daji, Hajiya. Kwana uku ya narke."

"To me ya tsaya da kai a mota kana haɗa gumi? Ka je bakin asibitin birni, masu kwana a tabarma suna nan jere, ka tashe su mana."

Ya ce da alama tsohuwa ba ta karya ba. Motar ta ɗauki dariya, ban san ko da ni ake ko da shi ba. Mutane kuwa suka saya. Har Maman Dauda ta sayi ƙulli biyu, wai na mantuwa, ta kuma mance su a kujera da ta sauka.

Motar ta mutu bayan Zuba, muka kwana bakin titi, sai da hantsi muka haye babbar gadar nan ta kusa da Lakwaja. Ruwa ne iya ganinka, na rufe ido har muka wuce. Gaba kaɗan masu kaki suka tare mu. Ɗaya ya hau yana duban fuskoki, ya tsaya a kaina saboda zanen kumatuna.

"Mama, Nijar?"

Na ce, "Maigatari."

"Maigatari Nijar?"

Na ce da Maman Dauda ta gaya masa, a garinmu inda iyakar gaskiya take, raƙumi da mai raƙumi suna shiga suna fita, a sha shayi can a yi sallah nan. Sai da na yi kwana a mota, na zo tsakiyar ƙasa, sannan za a tambaye ni ƙasata? Ya ce kati. Katin zaɓena yana cikin lalita, lalitar tana ƙarƙashin zane, zanen yana ƙarƙashin wani zanen. Na ce ya juya baya. Haka ya tsaya yana kallon direba, mota guda tana jira, har na kwance na ɗaure. Ya duba katin a kife, ya miƙo min.

Daga nan abinci ya ƙare a duniya. Kifin Lakwaja dai ba zan yi masa ƙarya ba, ya soyu. Amma inda aka tsaya da mu gaban Okene, aka kawo min wani tuwo baƙi kamar an dama toka, wai amala, da koriyar miya da suke ta yabo, wai ewedu. Na ɗanɗana. Lalo ne! Lalon da ke fitowa bayan ɗakina ba wanda ya shuka shi, shi aka sa wa suna ake taƙama. Suka kwara masa jan barkonon da ya sa na yi ta atishawa har Badun.

Agege kuwa, in aka rufe maka ido aka sauke ka, sai ka rantse wata unguwa ce a Kano da aka matse ta ta rasa numfashi. Ga masu shayi, ga masu goro, ga kiran sallah ta ko'ina, ga 'yan ci-rani da buhunansu. Kasuwa har kan hanyar jirgi. Jirgi ya yi kuka a janye tire, ya wuce a mayar, ko tumatir ɗaya ba ya faɗuwa. Gidan Alhaji Sabo, da ake ce mana ya yi arziki, ɗakuna ne suna kallon juna da lungu ɗaya a tsakiya. Wanka sai an bi layi da bokiti, kamar masu jiran awon ciki. Matarsa Bilki haihuwar can ce. Ta tare ni da murna, ta ce, "Ekabo, Mama, welkom, kun sha wahala, oya ku shigo." Magana ɗaya, harshe uku. 'Ya'yanta suka zube ƙasa irin na Yarbawa suna ce min Girama. Na ce wace ce Girama? Aka ce ni ce.

Abin da ya fi ɓata min rai gaisuwarsu. A tsaye ake yi, ana tafiya. Ka ce ina kwana, kafin ka kai ga ina gajiya mutum ya sha kwana. Ban taɓa kaiwa ga tambayar iyali da kowa ba, sai mace ɗaya.

Hajara ke nan, mutuniyar wajen Dungas, tsallaken iyakarmu. Mijinta gadi yake yi a wani sito a Ijora, Alhaji Sabo ya ba ta ɗakin baya saboda jinya. Da ita muka yi gaisuwa har ƙarshenta, har ruwa, har dabbobi. Ina ganin yadda take haɗiyar yawu tana runtse ido, na san ciwon. Fatar wuyanta ta yi duhu kamar ta Malam. Kayanta kuma a ɗaure suke a ƙulli a bakin ƙofa.

Su likita lokotoro suke ce masa. Ta ce, "Inna, lokotoro ya ce saura da yawa. Ni kam na gama. In mutuwa ce ta same ni cikin mutane."

Na ce, "Kin yi daidai." Haka na ce, Malama, rubuta.

Da la'asar sakaliya sai ga Uwani, ta rame kamar sillen kara, da farar riga a hannu da jakar littattafai a baya.

"La! Wa ya saki tsohuwar nan ta taho Ikko?"

"Ja'ira, ki gaishe ni tukuna."

Ta faɗa jikina muka yi kuka, don rabona da ita tun zaman makoki. Da muka natsu na warware jakar Gana-mas-go na shimfiɗa mata a gaba.

"Ta mece ce?"

"Ta kayanki. Jibi za mu tafi."

"Inna, shekarar ƙarshe fa nake."

"Ko ranar ƙarshe ce. Shekara biyar ana koya muku me? Ku ɗaure bawan Allah ku ruga waje ku danna maɓalli? Wannan ai ko ɓarawo ya iya."

Ta zazzage littattafan, kowane kamar tubali. Ta nuna min hoton wuyan mutum an yanka shi gunduwa-gunduwa, ta ce sai sun haddace kowace jijiya, sai sun iya lissafin hasken, don in aka kuskure ko da faɗin ƙwayar gero ne, lafiyayyen wuri za a ƙona a bar ciwon. Ta ce wata uku ke nan suna zuwa asibiti aiki a ƙarƙashin manya, ana ba su maki. Na ce ni ba maki na zo ji ba. Na ce mahaifarta fa? Ta ciro wani ɗan abu da take maƙalawa a ƙirji, wai yana auna ko haske ya taɓa ta, ana karɓa a duba. Na ce ashe Turawa ma suna ɗaura laya, mu ne dai in mun ɗaura a ce jahilci.

Ta ce, "Inna, mu yi ciniki irin na Malam. Gobe ki rako Hajara, don ta ce ba za ta koma ba. Ki gani da idonki. In mun dawo kika ce in haɗa kaya, wallahi zan haɗa."

Hajara ta ce in dai da Inna za a je, za ta ƙara gwada sau ɗaya. Ni kuwa na yarda ne don na san abin da zan gani.

Da sassafe muka shiga danfo. Mota ce rawaya da ba ƙofa, kujerunta katako, yaron motar yana lilo a waje yana ihu kamar an yi masa sata. Bai bari ƙafata ta biyu ta hau ba direba ya ja. Takalmina ɗaya yana nan Agege har yau. Na ce a tsaya, yaron motar ya ce, "Mama Aboki, no taim!" Na ce da Uwani ta gaya masa ni ba abokiyar ubansa ba ce. Ta ƙi fassarawa. A bakin asibiti ta saya min silifas kore, shi ne wannan da kuke gani.

Wurin gashin yana can ƙarshen asibiti. Mutane jere a benci, kowa da nasa, ba mai ce wa wani sannu. Ogar su Uwani wata gajeruwar Bayarba ce, Madam suke ce mata, ta ɗora tabarau a karan hanci, ba ta dariya. Ɗalibai suna rawar jiki a gabanta. A teburinta na ga hoton 'ya'ya reras har da na goye. Uwani ta zungure ni ta ce, "Inna, ga mahaifar da haske ya cinye." Na ce wa ya sani ko kafin ta fara aikin ta haife su.

Da aka kira Hajara ta damƙe min zane, sai da na raka ta har ciki. Ɗakin sak na Malam: sanyi, gado siriri, inji ya sunkuyo a kai kamar raƙumi zai sha ruwa. Uwani ta kwantar da ita, ta kifa ragar, ta bi wasu koren layukan haske tana gyara kafaɗa, tana turawa kaɗan, tana jawowa kaɗan, Madam tana tsaye tana dubawa. Na ga hannun yarinyar nan ba ya rawa. Sai aka ce a fita. Na ɓamɓare yatsun Hajara daga zanena ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar ta rufu.

A waje akwai tebur da talabijin, ga Hajara a ciki kwance, ƙirjinta yana sama yana ƙasa kamar tsuntsun da aka kama. Uwani ta rusuna ta yi wa Madam magana da Turanci, Madam ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗaga kafaɗa. Uwani ta jawo wani ɗan ƙarfe mai kan raga ta kawo bakina.

"Inna, yi mata magana. Tana jin ki."

"A ina?"

"Akwai lasifika a ciki."

To, ku gaya min, in an ce ka yi wa maras lafiya magana me za ka ce? Na ce, "Hajara, sannu. Yaya jikin?"

Ita kuwa 'yar mutunci ce, an haife ta an yi mata tarbiyya. Babba ya gaishe ta ta yi shiru? Ta cikin ragar ta yunƙura, haɓa ta motsa, kafaɗa ta ɗago, muka ji, "Da sauƙi, Inna."

Madam ta doki wani maɓalli, injin ya tsaya. Ta yi ta faɗa, ban ji ko kalma ba amma na gane duka. Aka buɗe ƙofa, aka koma, aka sake gyaran kafaɗa daga farko. Uwani ta dawo tana gumi.

"Inna, don Allah kar ki tambaye ta komai. Ba a son ta motsa."

"To ba sai ku faɗa ba?"

Aka sake tayarwa. Na ce tunda ba tambaya, bari in yi addu'a. Na ce Allah ya ba ki lafiya, Allah ya sa kaffara ne, Allah ya mayar da ke cikin 'ya'yanki. Ina kallon talabijin, sai ga hannuwan Hajara biyu sun taso za ta shafa.

Wannan karon Madam miƙewa ta yi ta nuna min ƙofa. Masu jira a benci suka fara tsaki, wani tsoho yana nuna agogo. Uwani ta durƙusa har ƙasa, irin durƙuson da ban taɓa gani ta yi min ba, tana ba da haƙuri. Daga baya na ji ashe cewa ta yi in an fitar da ni matar nan ba za ta sake dawowa ba, kuma in aka sake ɓatawa a ɗora laifin a makinta. Madam ta ɗaga yatsa ɗaya.

Da suka gyara suka fito, Uwani ta riƙe min hannu. "Inna, ki faɗi abin da ba a amsawa."

Na tsaya ina lalube. Me muke da shi wanda ba a amsawa? Gaisuwa ana amsawa. Addu'a ana amsawa. Tatsuniya sai an amsa take tafiya. Zagi ma ramawa ake yi. Injin ya fara ƙugi, ƙirjin Hajara ya fara harbawa, ni kuma bakina a buɗe ba komai. Sai kawai na ji na ce:

"Hajara, ba da ke nake ba, kar ki tanka. Hanya nake faɗa. Ga mu mun tashi daga Agege, mun bar musu warin kwatarsu. Ga Badun, rufin kwano duk tsatsa. Ga Akure. Ga Okene, ba za mu ci tuwonsu ba, mu wuce. Ga Lakwaja, an sayi kifi. Mun hau gada, rufe idonki. Mun sauka. Ga Zuba. Ga Kaduna, an fara jin Hausa a bakin titi. Ga Zariya, ƙasa ta yi ja, ga dawa ta fitar da kai. Ga Kano, mun sauya mota. Ga Gezawa..."

A hankali nake tafiya, ina tsayawa inda ake tsayawa. Ƙirjin nan ya sauka, ya sauka, har ya koma kamar na mai barci. Ina Gumel injin ya yi shiru. Uwani ta taɓa ni ta ce an gama. Na ce ban kai ta gida ba. Na shigo da ita Maigatari, na ratsa da ita ta kasuwar raƙuma, muka tsallaka iyaka ba wanda ya tambaye mu kati, na sauke ta a ƙofar gidansu yara suna gudu suna Inna ta dawo. Madam ba ta hana ni ba. Agogo dai take kallo.

Da aka cire ragar, Hajara ta tashi zaune ta ce, "Inna, kin tsallake Gujungu."

Na ce gobe na sa.

A benci muna jiran ta sa kaya, na tambayi Uwani abin da ke cina tun ɗazu. Na ce, "Ɗakin da aka sa Malam, shi ma akwai lasifikar nan?"

Ta daɗe tana kallon silifas ɗina. Ta ce, "Akwai, Inna. Ba a gina irin ɗakin nan ba ita."

Sai na tuna ya taɓa ce min akwai wata murya da ke cewa kar ka motsa, daga nan ba ta ƙara komai. Ni kuwa ina zaune a bayan katangar nan kullum, bakina cike da magana, shekara arba'in da wani abu muna hira da mutumin nan. Ba wanda ya ce min zo ki ce wani abu. Ban sani ba balle in roƙa. Na yi kuka a bencin nan har tsohon mai agogo ya miƙo min ruwan leda.

Uwani ta ce, "Ranar da kika faɗa min abin da ya ce game da kabari, ranar na canja ɓangare."

Na ce, "Rufe min baki, ban tambaye ki ba."

Jibin da na ce ya zo ya wuce. Na yi ta bin danfo ina kai Hajara Dungas kullum, da Gujungu a ciki, har ƙafafuna suka kumbura, Alhaji Sabo ya ce in na mutu a gidansa me zai gaya wa dangi. Uwani ta ɗauki muryata a waya, ta ce za a riƙa kunna mata sauran kwanakin. Hajara ta kwance ƙullin kayanta. Ko za ta warke, Allah ne masani, ni dai na baro ta tana zuwa.

Kar wanda ya ce na yabi aikin nan. Har gobe ina cewa maganin da mai ba da shi yake gudu ya ɓuya bayan katanga, akwai magana a kansa. Ikko kuma ko kyauta aka ba ni ba na so.

Ana gobe zan taho, da yamma, Uwani ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ba wasa a fuskarta.

"Inna, na yi miki rantsuwa. In haɗa kayan?"

Na ce, "A wace jakar?"

Ta buɗe Gana-mas-go. Tun da rana na aiki Bilki ta cika min ita da burodin Agege har baki, zif ɗin ma da ƙyar ya ja.

Na ce, "Kin gani, ba wuri. Kuma ki ji da kyau, ja'ira. Duk wanda kika rufe wa ƙofar nan kika bar shi da kar ka motsa kaɗai, ban yafe ba."

Ta ce, "To, tsohuwa." Ta zauna a kan jakar tana kuka, ta lotsa min rabin burodin. Wanda ya samu lotsattse a rabon da na yi, ga dalili.

Hajiya Ladi ta tare ni tun ban sauke kaya ba, ta ce ina rantsuwar da na yi? Na ce na yi kaffara, ta karɓi burodinta ta ba ni wuri.

Gidan yana nan yadda na bar shi, da faɗinsa. In an yi magariba na rufe kaji, sai in jawo tabarma bakin ɗakin Malam in zauna. In fara daga ƙofar asibitin birni, in bi da shi gari gari a hankali, ba na tsallake ko ɗaya, har kasuwar raƙuma, har ƙofar gida. Shi ma ba sai ya amsa ba.